Kilo Casa'in na Anti Sikeli

Shekara goma sha tara ta yi tana awon kaya a kamfanin aika saƙo, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Anti Sikeli. Kwali in ya zo gabanta, kafin ya hau sikeli hannunta ya riga ya faɗa mata nauyinsa. Ƙa'idar aikin kuma ɗaya ce: kayan da aka auna da safe kilo goma, in da yamma suka zama goma da rabi, to akwai mai laifi, kuma sai an zaƙulo shi.

Gwiwarta ta dama ce ta gaji da ita. Jikarta ta fari tana hawa na huɗu a benen da ba shi da lif, sai dai a sauko mata da jaririyar ta gan ta a cikin mota kamar wata baƙuwa. Abin yana ci mata rai ba kaɗan ba. Likitan ƙashi ya ce aiki za a yi, amma sai ta sauko daga kilo casa'in da takwas zuwa casa'in. Ya ba ta wata huɗu, ya rubuta ranar aikin a kati.

"Mama, sau ɗaya a mako za ki hau sikeli," in ji shi. "Ki zaɓi rana guda, da safe, bayan kin zaga, kafin ki karya. Ki rubuta a littafi. Jiki yana hawa yana sauka a yini, kada ki bi ta kansa."

Ta ce to. A ranta kuwa ta ce, wannan da ko buhu ɗaya bai taɓa aunawa ba, shi zai koya mata awo?

Mako biyu ta bi umarni, Litinin zuwa Litinin. Ran wata Alhamis da rana ba kowa a kanta, ga babban sikelin kaya shimfiɗe a gefen teburinta. Ta waiga, ta cire takalmi, ta hau. Giram ɗari bakwai ya ƙaru a kan na Litinin.

Daga ranar aka shiga. Ta ja wa littafin layuka irin na rajistar aiki, nan lokaci, nan nauyi. Sau shida take hawa a yini, wani lokacin har 'yan kunne take cirewa. Dogo direba in ya shigo ɗaukar kaya ya same ta a kai, sai ya ce, "Anti, wane gari za mu kai ki? A manna miki takarda a goshi?"

"Ka kiyaye ni, Dogo," take cewa, idonta a kan lamba.

Ta yi bincike yadda ta saba, ta kuwa kama mai laifin. Ruwa ne. Kofi ɗaya, kwatan kilo, nan take sikeli yake nunawa. Abinci dama ta rage shi, amma ladansa sai an yi kwanaki ake gani, shi ruwa kuwa ko minti ba ya ɗauka. Sai ta ɗaura yaƙi da shi. Maganin hawan jini da na ciwon gwiwa, da kurɓi ɗaya take tura su. In ƙishi ya dame ta, ta kurkure baki ta tofar.

"Ke, kofin nan tun safe yake nan a cike," in ji maigidanta.

"Gwiwarka ce ko tawa?"

Kanta ya riƙa sarawa, fitsarinta ya koma kalar shayi, in ta miƙe sai ta dafa tebur. Duk ta gani, amma lamba tana sauka, ita kuma tun tana budurwa lamba kawai ta yarda da ita. Kwana ukun ƙarshe kusan ba abin da ya wuce maƙogwaronta.

Ana gobe aiki aka kwantar da ita. Nas ta ɗebi jininta, ta ɗora ta a sikeli. Tamanin da tara da ɗari shida. Saura kaɗan ta yi kuka don daɗi. Ta kira 'yarta a waya: "Ki ce wa ƙawata jaririya ina nan tafe, da ƙafata zan hau benen nan."

Da la'asar likita ya shigo da takardar gwajin jini, fuska ba walwala. Ya ce ta ba shi littafin. Ta miƙa masa tana jiran yabo. Ya buɗe shafi, ya sake buɗewa, lambobi cunkushe kamar tururuwa.

"Mama, layi goma sha bakwai na nema. Wannan ai ya haura ɗari biyar. Yaushe rabonki da shan ruwa kamar mutane?"

Ya nuna mata takardar gwajin.

"Ƙodarki ta wahala. Ba ruwa a jikinki, ga magungunan nan a kai. In na sa a ba ki maganin barci a haka, ban san yadda za ki tashi ba." Ya bi ranakun Litinin kaɗai da yatsa. "Dubi nan. Kina sauka a hankali, yadda ake so. Da kin zo min da casa'in da biyu da lafiyayyar ƙoda, wallahi da na yi miki aikin."

Ya zaro biro ya soke ranar da ke kan katin. Sai ƙoda ta dawo daidai, sannan ta sake bin layi, wata shida ko fiye.

Ba ta yi masa musu ba. Haushin da take ji ma ba ta san inda za ta sauke shi ba, don sikeli bai yi mata ƙarya ba ko sau ɗaya.

Aka rataya mata ledar ƙarin ruwa. Ba sai ta karanta rubutun jikin ledar ba, da ido ta san rabin kilo ce. Ta kwanta tana kallon abin da ta yi wata uku tana kora yana komawa ta jijiyarta ɗigo-ɗigo. Wayarta tana ta ruri a gefen filo, 'yarta ce, ta kasa ɗauka.

Da nas ta zo cire leda ta biyar da ta ƙare, ta tambaye ta ko tana buƙatar wani abu. Anti Sikeli ta juya fuskarta bango.

"Casa'in da biyu da ɗari ɗaya," ta ce, bayan ta tara nauyin ledojin a ka.