Motar Manaja

Shekara ashirin da shida ke nan Mai Guduma yana miƙar da jikin motocin da suka yi karo, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutanen garejin. Ya ga masu mota iri-iri, masu hankali da marasa shi, amma duk cikinsu babu wanda ya raina kamar mijin ƙanwarsa, wanda ake kira Manaja.

Ba wani manaja ba ne. Akawu ne a wani kamfanin sayar da siminti, shi ke buga hatimi a takardun fitar da kaya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane kuma suka kama don tsokana, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce. Motarsa tsohuwa ce ja, ta wuce hannu uku kafin ta zo nasa, amma ya yi mata ado kamar za a kai ta gasar kyau. Fitilu shuɗaye a ƙarƙashin bamba, gilasai baƙi wuluk, rigar gashi a sitiyari, kwalaben turare uku a gaba, ga wani allon talabijin da ya liƙa kusa da giya. Hon ɗinta kala huɗu ne, ɗaya kukan jirgin ƙasa yake yi. Kullum da safe sai ya wanke ta, ya bi ta da tsumma yana hura mata iska da baki yana gogewa. 'Ya'yansa kuwa sai sun cire takalma kafin su shiga.

Bai taɓa kawo ta garejin surukinsa ba. Cewa yake yi akwai wani babban wuri mai ƙofar gilashi inda ake duba masa ita da kwamfuta. In ya zo wucewa sai ya tsaya a tsallaken titi ya danna hon, ya sauke gilashi kamar yatsa biyu, ya ɗago hannu. Wata rana da ya tsaya haka Mai Guduma ya ji ƙarar da motar ta yi, ya tsallaka ya same shi.

"Manaja, birkin nan ƙarfe yake ci. Ka bari Dogo ya duba maka takalman."

Dogo shi ne bakaniken da rumfarsa ke jikin ta Mai Guduma. Manaja ya dubi rumfunan, ya dubi baƙin man da ya jiƙe ƙasa, ya yi murmushin da ake yi wa mara lafiya.

"Yaya, wannan ba irin motocin da kuka saba da su ba ce. Shekara sha biyar ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba."

Mai Guduma ya juya ya tsallako titi. Ya dawo ya ce wa Dogo, "Kyan ɗan maciji ke nan." Dogo ya ce shi ko kyan ma bai gani ba.

Wata Talata da hantsi, Mai Guduma na durƙushe yana dumama ƙofar wata motar burodi da wuta, sai ga motar janwe ta shigo da jar motar a bayanta. Gaban ya koma ciki, bonet ya tashi ya naɗe kamar tabarma, lagireto na ɗigar da sauran ruwansa. Fitilun nan shuɗaye suna reto a jikin waya. Manaja ya fito daga gaban janwen, ya ja hular hana sallah har gira. Bayansa Auta ce, ƙanwar Mai Guduma, malamar firamare, gajeriyar mace mara yawan magana. Tana ɗingishi, ƙafarta ɗaya da takalmi, ɗaya da silifa ɗin aro.

Mai Guduma ya kashe wuta ya nufi ƙanwarsa.

"Auta, lafiya? Ina ya same ki? Yaran fa?"

"Suna makaranta, Yaya. Gwiwa ce kawai."

"Bar tambayar gwiwa, Yaya, dubi mota!" Manaja ya katse su da ƙarfi, yadda duk garejin za su ji. "Dubi aika-aikar da ƙanwarka ta yi mini. Sau ɗaya tak na tausaya na ba ta makulli, ta je ta rungumi ginshiƙin ƙofar maƙwabcinmu. Na kira Innarku na gaya mata, na kira kawunku, na kira kowa. Na sha faɗa, mace da sitiyari sai dai a yi addu'a. To tunda 'yar gidanku ce ta fasa, gidanku ne zai gyara. Shi ya sa na kawo nan."

Ashe dai yau rumfar ta yi daraja, in ji Mai Guduma a ransa. Ya dubi Auta. Idonta na ƙasa. Ya san tana da lasisi, ta koya tun kafin aure, amma ya kuma san Manaja ko goge madubi ba ya barinta ta yi.

Mai Guduma ya juya wurin janwen. Ya sa aka sauke motar, ya zagaya ta sau biyu yana shafa ƙarfen da tafin hannu kamar yadda ya saba. Ya leƙa ciki. Gilashin gaba ya tsage a gefen direba, can sama, tsagar ta bazu kamar saƙar gizo, irin wadda goshi ke yi. A gefen mai zaman banza kuma murfin ƙaramin akwatin gaba ya fashe, daidai inda gwiwa za ta daka. Ya sunkuya ya zura hannu ƙarƙashin wannan kujerar, ya zaro takalmin mace ƙafa ɗaya. Ya kaɗe shi a cinyarsa ya miƙa wa Auta.

"Ga takalminki."

Ta karɓa, ta cire silifar ta saka shi.

Dogo kuwa tuni ya ɗaga motar da jak ya cire tayar gaba, ba wanda ya sa shi. Ya zaro takalmin birki ya ɗaga sama yana juyawa don kowa ya gani. Babu komai a jikinsa sai ƙarfe tsura, ya sha gugar har yana ƙyalli.

"Kai, kwamfutar nan ta iya aiki," in ji Dogo. "Ta cinye birkin tas, ko ɓurɓushi ba ta bari ba."

Mai walda da mai fenti suka ajiye aikinsu suka matso. Manaja ya ce wannan ba shi ne zancen ba, zancen shi ne wanda ya tuƙa.

"Gaskiyarka," in ji Mai Guduma. Ya buɗe ƙofar direba. "Auta, zo ki zauna. Ina so ki nuna mini yadda kika taka birkin."

Ta dubi mijinta, ta dubi yayanta, sannan ta shiga ta zauna. Ta miƙa ƙafa iya miƙewa, yatsunta ko kusa da birkin ba su kai ba. Sitiyarin ma sai da ta ɗago daga jingina kafin ta kama shi.

"Masu janwe ne suka tura kujerar baya," Manaja ya faɗa da sauri.

Direban janwen, wanda ke tsaye yana naɗe sarƙa, ya ce shi ko ƙofar bai buɗe ba. Mai Guduma ya kama ƙarfen da ake ja a matsar da kujera, ya ja, ya jijjiga, kujera ta ce ba inda za ta. Ya haska ƙarƙashinta da tocila. Wani ƙaton akwatin sifika ne aka cusa a wurin, aka ɗaure shi da noti huɗu a jikin layin da kujerar ke bi. Notin sun yi tsatsa, ƙura ta haɗe su da ƙarfen.

"Wannan kujerar ta fi shekara biyu ba ta motsa ba," ya ce. "Manaja, ba ka jin zafi ne? Cire hular mana ka sha iska."

"Mura nake yi."

"Murar goshi ce," in ji Dogo. "Ga ta nan tana leƙowa."

Da gaske kuwa, kumburin ya fi ƙarfin hular, ya turo ta gefe kamar ƙwan agwagwa. Mai fenti ya juya baya yana dariya a cikin riga. Manaja ya yi tsuru-tsuru, sannan borin kunya ya kama shi, ya hau faɗa: an haɗa baki, dangin mace dama haka suke, shi bai zo nan don a yi masa shari'a ba.

Auta ce ta tsayar da shi. Ba ta ɗaga murya ba, tana zaune a kujerar da ƙafarta ba ta kai ba.

"Yaya, shi ne ya tuƙa. Zai sauke ni a makaranta. Muna fitowa ya hango maƙwabcinmu a ƙofar gida, ya ce bari ya jiyar da shi sabon hon. Yana laluben maɓallin a jikin allon nan, motar ta saki hanya. Ya taka birki, babu. Kafin mutane su fito ya riƙe hannuna yana roƙo, wai in rufa masa asiri in ce ni ce, kada a yi masa dariya a ofis. Na ce to. Miji ne, na ga abin bai kai ya kawo ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Amma mutane na taruwa sai ya fara zagina. Ya ce mini dabba a gaban maƙwabta. Ya kira Inna yana ihu har ta fashe da kuka. Ko da mutane suka watse muna jiran janwe, faɗa mini yake yi wai na cuce shi, mu biyu kawai, ba mai jinmu. Yaya, na yarda in ɗauki laifin, ban ce zan ɗauki zagi ba."

Mai Guduma ya ji hannunsa na ƙaiƙayi, ya dubi gudumar da ke kan benci, ya kawar da kai. Ya daɗe yana ƙin mutumin nan saboda fankama, amma yau da ya dube shi sai ya ga ko ƙiyayyar ma ta yi masa yawa. Ƙato guda, mai 'ya'ya uku, ya shafa wa matarsa kashin kaji don kada masu ɗaukar siminti su yi masa dariya.

"Zan gyara motar," ya ce. "Amma sai ka ciro wayarka a nan, ka kira duk wanda ka kira ɗazu, ka faɗa musu wanda ya tuƙa. Ka fara da Inna."

"Ni? Allah ya kiyaye. Akwai inda ake darajta ni."

Manaja ya sa aka sake ɗora motar, aka ja ta zuwa wurin nan mai ƙofar gilashi. Mai Guduma ya tsayar da tasi ya kai Auta aka duba mata gwiwa, daga nan suka wuce wurin Inna, ta ji komai daga bakin 'yarta. Tsohuwa ta ce dama ita ta yi mamaki, yaushe ya fara kyauta har da makulli.

A wurin masu kwamfutar ko bonet ba su buɗe ba. Wani mai farar riga ya leƙo ya ce ba sa taɓa mota mai irin waɗannan shekarun, ya ba shi shawara ya sayar wa masu gwangwan. Ashe dama wanki da feshin turare kawai suke yi masa. Aka mayar da ita ƙofar gida. Manaja ya rufe gaban da tamfol, ya ci gaba da wanke bayan kowace safiya, yana gaya wa masu wucewa cewa kayan gyara ake jira daga waje. Unguwa kuwa kowa ya riga ya sani. Yara in sun gan shi sai su yi kukan jirgin ƙasa su ruga.

Wata biyu ya yi yana bin motar haya, ana matse shi da masu kaya, kafin ya sake shigowa garejin, a ƙafa. Ya tsaya ya fi minti goma Mai Guduma bai ɗago ba. Da Manaja ya gaji ya ciro waya ya kira Inna, ya sa a sifika.

"Inna, dama maganar motar nan ce. An ɗan samu kuskuren fahimta. Ni ne a kujerar, amma a gaskiya laifin birki ne."

"Birkin ne ya zagar mini 'ya?" in ji Inna, ta kashe wayar.

Kawu kuwa da ya kira shi, dariya ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi. Iya abin da aka samu ke nan daga bakin Manaja, Mai Guduma kuma ya san ko an matse shi ba zai fitar da abin da ya fi haka ba. Ya karɓi motar saboda Auta, wadda gwiwarta ke kumbura duk ranar da ta yi tafiyar ƙafa zuwa tasha.

Kwana tara ya yi a kanta. Dogo ya fara da birki ƙafa huɗu, ya zubar da wani baƙin mai da ya yi kauri kamar kwalta. Mai Guduma ya ja ƙashin gaban da sarƙa har ya dawo daidai, ya bi bonet da guduma taku-taku, mai fenti ya haɗa jan da ya dace har ba ka gane inda tsoho ya tsaya. Akwatin sifikar ya yanke notinsa ya jefa cikin kwali tare da allon da tarkacen wayoyi, ya zuba wa layin kujerar man giris.

Ranar karɓa Manaja ya zo da sabon tsumma a aljihu. Ya zagaya motar, bai dubi bonet ba, bai tambayi birki ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamba, ya ɗago fuska a yamutse.

"Yaya, fitiluna fa? Haka zan fita da ita tsirara?"

Mai Guduma ya tura masa kwalin da ƙafa. Makullin kuwa ya wuce da shi ta gabansa ya damƙa wa Auta, wadda ta biyo daga makaranta da jakar littattafai a kafaɗa. Ta shiga, ta ja kujerar gaba har ta yi ƙas, ta gyara madubi. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, ya ga Dogo da mai walda da mai fenti sun jeru suna jiran abin da zai ce. Ya rungumi kwalinsa ya zagaya ɗaya gefen ya zauna.

Motar ta mutu mata sau ɗaya a bakin ƙofa. Ta sake tayarwa, ta duba hagu da dama, ta hau titi a hankali.