Ba Kambun Dambe Ba Ne

Ranar da maƙwabcina Yahaya Bayamane ya rasu a unguwar Tandabawi ta Makka, ni da surukina Abdulganiyyu muka shiga kwashe kayan ɗakinsa. Can ƙasan sanduƙi Abdulganiyyu ya zaro wasu baƙaƙen akwatunan fata guda biyu, ƙanana kamar gidan ashana, da dogayen igiyoyi.

"A'uzubillahi! Baba, kambun 'yan dambe a Makka? A jefa su murhu kafin mutawwa 'yan hisba su gani."

Na ce, "Ajiye min nan. Ka taɓa ganin ɗan dambe da kambu a goshi?"

Yahaya ya nuna min su tun yana raye. Na mahaifinsa ne, Bayahuden San'a. Shi Yahaya yana saurayi ya musulunta. Tafillin Yahudawa suke ce musu. Da safe in uban zai yi addu'a, sai ya ɗaura ɗaya a damtsen hagu saitin zuciya, ya naɗe igiyar har yatsa, ɗayan kuma a saman goshi, don hannu da kai su tuna da Mahaliccinsu. Abin da ke ciki ayoyin Attaura ne masu cewa Allah ɗaya ne. Duk na bayyana wa Abdulganiyyu.

"Amma Baba, kayan Yahudawa ne fa!"

"To sai me? Yahaya ya tsufa a sahun gaba a Harami bai ƙona su ba, sai kai da ka sauko daga jirgin ruwan Sawakin ta Sudan jiya jiya?"

Na fizge su, na naɗe a rawanina.

"Binne su zan yi. Je ka kira mutawwan, ina nan. Rubutun da ya ce Allah ɗaya ne ba zai dafa wa kowa shayi ba."