Ƙarin Farashin Merle

"Ɗan ƙara gaba kaɗan," in ji Merle. "Inuwar can ta fi."

Na ce, "Merle, karo na biyu ke nan muna zagaya layin nan. Ga gidan. Ka sauka."

Bai sauka ba. Ya gyara robar iskar da ke hancinsa, ya tsura wa ciyawar ƙofar gidan ido kamar yau ya fara ganinta, alhali shi yake yanke ta tun kafin in auri mijina na biyu.

Merle Haugen maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu. Da bazara yana yanke wa mutane ciyawa, da hunturu ya ɗaura shebur a gaban akori-kurarsa ya kwashe musu dusar ƙanƙara. A watan Mayu likita ya gaya masa huhunsa ya gaji, kuma da wuya ya ga hunturu. 'Yarsa Corinne ta ɗauki hutu daga aikinta a Duluth ta zo ta kama injin yankan ciyawar. Ta ce za ta zauna ta gaji sana'ar, amma sai in sana'ar za ta ciyar da ita da yaranta biyu. A nan gizo yake saƙar, domin farashin Merle tun na zamanin da man fetur yake araha ne.

Ni sana'ata yin kek, na biki da na ranar haihuwa. Mun saba duk ƙarshen watan Yuni mu zauna a barandarsa da kofi, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gyara a sana'arsa kafin ƙanƙara ta sauko. Ni nawa yakan canza. Na Merle kuwa ɗaya ne kowace shekara: zai ƙara farashi. In na tambaye shi a watan Disamba sai ya ce ai mutane na fama da Kirsimeti.

Bana da ya faɗa, na yi dariya kamar yadda na saba. Shi bai yi ba.

"Da bakina zan yi, Glenda, gida-gida," ya ce. "In Corinne ta ƙara bayan raina, cewa za su yi uban mutumin kirki ne, 'yar ce mai son kuɗi. Gara su ji haushina. Ni ba zan daɗe ina ɗauke da shi ba."

An hana shi tuƙi, shi ya sa na zama direbarsa. Ga mu a ƙofar gidan Lyle Brandvold, tsohon ma'aikacin gidan waya, shi ne na farko a hanya.

Da ƙyar dai ya sauka. Na riƙe masa tukunyar iskar muka shiga. Lyle ya kawo kofi. Suka yi maganar ruwan sama, ko ya isa ko bai isa ba. Suka koma kan kifin tafkin arewa. Merle ya duba agogo ya buga cinya ya ce, "To, bari mu kama hanya," sai suka tsaya a bakin ƙofa suka dasa sabuwar hira kan indararon Lyle da yake yoyo. Daga ƙofa suka sauko matakala, daga matakala suka raka juna bakin mota. Lyle ya koma ciki ya fito masa da kwalbar kokwamba mai tsami.

Da na tayar da mota na ce, "Ka gaya masa?"

"Lokacin bai zo daidai ba."

"Wane lokaci? Kun kusa raba gadon kifin tafkin nan."

"Ai kin gani, mutumin na fama da indararo."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye masa ba. A garinmu mutum zai karanta maka sakamakon gwajin hanjinsa kafin ya yi maka maganar kuɗi, kuma Merle ya fi kowa wannan cuta. Na ce masa a gida na gaba in bai buɗe baki ba ni zan buɗe, kuma ya san bakina ba shi da linzami. Ya rungume kwalbar kokwambarsa.

Gida na gaba na Misis Szymanski ne. Shekarunta sun haura tamanin, amma har yanzu ita ke hawa kujera ta canza ƙwan fitila. Ba ta ba mu kofi ba. Ta dubi Merle daga sama har ƙasa ta ce, "Ka rame."

"Kaɗan."

"Ba kaɗan ba. Me ya kawo ka? Yau ba Talata ba ce, ranar yankan ciyawata."

Merle ya cire hularsa ya fara juya ta a hannu. Ya ce man fetur ya yi tsada. Ya ce kayan gyaran inji ma. Ya ce yana tunani, ba wai dole ba ne, in dai babu damuwa, ko daga watan gobe...

"Ƙari za ka yi?"

"Eh to."

"Shekara goma nake jira ka yi hankali," in ji ta. "Surukina a St. Cloud yana biyan ninkin abin da nake ba ka, kuma yaran da ke masa aikin suna aske masa furanni. Kullum in na sa maka kuɗin nan sai in ji kamar na yi sata. Nawa yarinyar ta ce?"

Ya faɗa mata, muryarsa can ƙasa.

"Na ji. Amma ta daina bar mini ciyawa a kan matakala, kai ba ka bari." Ta juyo wurina. "Ke kuma Glenda, kek ɗin da kika yi wa coci kyauta a Ista, waye ya ce ki yi hawa uku?"

Na ce ni direba ce kawai.

Kafin mu kai gida ta buga wa rabin garin waya. Daga nan aikin ya yi sauƙi. Mukan fita da safe lokacin da numfashinsa ya fi daidai, mu yi gida biyu ko uku mu dawo ya kwanta. Wasu tun a ƙofa suke cewa, "Mun ji, Merle, ba komai, shigo ka zauna." Lyle da kansa ya kira ya ce me ya sa ba a gaya masa ba ranar. Ba kowa ne ya yarda ba. Wani mai shagon taya ya ce zai koma wurin wasu samari masu araha, kuma Merle ya yi kwana biyu yana maganar. Ya ce shi ya dasa wa mutumin ciyawar tun ƙasa na tsirara. Na ce to yanzu samarin su ci moriyarta. Ya ce ni ba ni da tausayi, ya nemi ƙarin kek.

Zuwa tsakiyar Yuli saura gida ɗaya, na Opal Dressler.

Opal ita ce ta fara ba shi aiki lokacin da ba shi da komai sai injin turawa na aro. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗan fanshonsa take lallaɓawa. Gidanta yana kan tudu a ƙarshen gari, hanyar shigarsa doguwa ce mai gangare, ta fi ta kowa cin mai da lokaci in ƙanƙara ta zuba. Duk wata takan ajiye kuɗinta a ƙarƙashin tukunyar fure, daidai abin da suka yi tun farko, ba ta taɓa makara ba.

Na ji Merle da Corinne suna maganarta wata rana da na kai musu miya.

"Baba, gidan nan kaɗai yana cinye ribar gida uku."

"Na sani."

"To ka gaya mata kamar yadda ka gaya wa kowa."

"In na gaya mata biya za ta yi, ba za ta ce uffan ba. Sai ta rage wutar ɗumama ɗaki ta zauna cikin riguna uku."

"To mu yi mata kyauta mu san kyauta ce, in cire gidan daga lissafi."

Merle ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Ranar da kika ce mata kyauta, ranar za ta sallame ki. Ki same ta da shebur a kan gangaren nan."

Corinne ta ajiye cokali. "Ni ma ina da yara, Baba. Ba zan iya zama kai ba."

"Ban ce ki zama ni ba. Ni ma da ƙyar na iya."

Sau biyu muna shirin zuwa wurin Opal. Na farko ya ce a bari sai an gama zafi. Na biyu ya sa takalmi har ƙafa ɗaya, sai numfashi ya ƙi, aka mayar da shi kujera. Bayan wannan bai sake fita ba. Ma'aikaciyar jinya ta sa aka sauko da gadonsa falo, kusa da taga, inda yake hango akori-kurar da tirelar injuna in Corinne za ta fita. Kullum da safe sai ya ce mini ta ɗaure igiyar tirelar ba daidai ba, kullum kuma tirelar ta dawo lafiya.

Na san maganar Opal tana cin sa, domin ya daina yin ta. Ni ma ta dame ni. Na ga mutumin da ya yi abin da ya fi ƙarfin halinsa gida bayan gida, zai tafi da guda ɗaya a maƙale a wuya. Na ce ko in je in gaya mata. Ya ce in na kuskura zai dawo ya riƙa ɓata mini kek a tanda.

Wata safiya a watan Agusta ina zaune ina yanka masa kankana ƙanana-ƙanana, Corinne ta shigo da ciyawa a takalminta. Ta tsaya a ƙafar gado ta ce, "Baba, daga wurin Opal nake."

Ya buɗe ido sosai. "Me kika ce mata?"

"Na ce ina da matsala, ko za ta taimake ni."

"Wace matsala?"

"Ta wurin ajiya. Rumfar da kake haya a bayan gidan mai, mai ita ya ƙara kuɗi, ga rufin yana zuba. Ita kuma tun da ɗanta ya karɓe mata mota saboda idonta, garejinta fayau yake, mai cin mota biyu. Na ce ta ba ni haya in ajiye akori-kurar da sheburin da hunturu, injunan ciyawa kuma a gefe."

"Sai ta ce me?"

"Ta ce ba ta karɓar kuɗin haya daga 'yar Merle. Na ce ni ma ba na zama a garejin mutum kyauta. Muka yi ta ja. A ƙarshe dai kuɗinta na wata yana nan yadda yake a ƙarƙashin tukunyar fure, garejin ya cike sauran. Ta sa na yi alkawarin shimfiɗa kwali saboda ɗigar mai."

Merle ya daɗe yana kallon silin. Sannan kafaɗunsa suka fara motsi, na ɗauka tari ne, ashe dariya yake.

"Shekara nawa ina wuce ƙofar garejin nan," ya ce.

"Ai kai hirar kifi kake tsayawa yi," na ce.

"Ke Glenda, ba ni kankanata." Ya juya wurin 'yarsa. "Duluth fa?"

"Na kira su jiya, na ajiye aikin. Na sa yaran a makarantar nan."

Ya miƙa hannu ya cire wani ɗan ganyen ciyawa da ya maƙale a wandonta, ya riƙe shi a tsakanin yatsu. Ya ci kankana yanka uku, abin da ya kwana biyu bai yi ba, ya ce ta yi zaƙi.

A makon ya rasu, da rana tsaka, taga a buɗe. Corinne tana riƙe da hannunsa, ni ina kicin ina wanke kofuna, yaran suna bayan gida suna faɗa kan tiyon ruwa. Ma'aikaciyar jinya ce ta leƙo ta gyaɗa mini kai. Na yi kuka, amma ba irin mai ɗaci ba. Na ƙarasa wanke kofunan, domin na san mutane za su fara zuwa.

A cin abincin bayan jana'iza, a ɗakin ƙasa na coci, Misis Szymanski ta tare ni ta ce kek ɗin hawa ɗaya ne, na fara hankali. Opal ta zauna a gefe da jakarta a cinya, ta gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa yanzu tana da 'yar haya.

Ƙanƙarar farko ta zuba a watan Nuwamba. Motar Corinne ta ƙi tashi da safen, sai ta ƙwanƙwasa mini na kai ta kan tudun. Na tsaya a bakin titi, ita ta hau da ƙafa, dusar tana kai mata ƙwauri. Ta ɗaga ƙofar garejin, akori-kurar Merle ta yi tari ta kama. Babu yadda motar za ta sauko titi sai ta share gangaren, don haka hanyar Opal ce ta fara buɗewa a duk garin. Corinne ta wuce ni ta ɗaga yatsa biyu daga kan sitiyari ta nufi gidan Lyle. A sama, Opal tana tsaye a taga da kofinta, tana kallon hanyarta baƙa wuluk a tsakiyar farin.