Yatsa Ɗaya Mara Lalle

Ikram na ganin hannuwan matan ta san aiki ya ɓaci. Ga su nan sun cika ɗan ofishin kamfaninta da ke unguwar Rusaifa a ƙasa mai tsarki, tsofaffin Hausawan unguwar Mansur, ƙawayen mahaifiyarta, kowacce ta sha ƙunshi baƙi wuluk har kan farce. Sai miƙo mata hannu suke yi, suna yi mata barka da tashi daga biki lafiya.

Abin da Ikram ta ƙera wata 'yar na'ura ce da ake maƙala wa mutum a yatsa, ta haska fata da farce, ta faɗi yawan iskar da ke cikin jininsa. Irinta sun cika asibitoci, amma sukan yi kuskure a kan baƙar fata, su nuna lafiya lau alhali mutum na galabaita. Wannan ta sha alwashin gyarawa saboda alhazan Afirka, kuma a kan haka wata hukumar gwamnati mai tallafa wa ƙananan kamfanoni ta ɗauki nauyin binciken. Gwajin maza ya wuce lafiya. Yau na tsofaffin matan nan ne, na ƙarshe, kuma lajna, wato kwamitin hukumar, na kan hanya. In na'urar ta faɗi, tallafi ya yanke, a rufe kamfani, wahalar shekaru ta tafi a banza.

To, haske ba ya ratsa baƙin lalle, kuma Ikram ta fi kowa sanin haka. Abin takaicin, ita da kanta ta ɗauko mai ƙunshin, wata 'yar Sudan da ake rububinta, a matsayin gudummawarta ga bikin ƙanwarta Afnan. Wace ƙawar uwar amarya ce za ta ga lalle ya zo har gida ta naɗe hannu? Wallahi a wurin bikin ma Ikram ta ga hannuwan nan, har ta ce sun yi kyau, amma hankalinta na can kan batir da wayoyi. Sai yanzu abin ya faɗo mata.

Muhsin, ɗan kawunta kuma abokin aikinta, ya buga wa hukumar waya yana roƙon a ɗaga ranar. Aka ce an taɓa ɗaga musu, halas, wato an gama, ba ƙari. Ya ce to su kawo wasu matan, aka ce sai waɗanda aka riga aka yi wa rajista. Ikram ta durƙusa ta duba yatsun ƙafa, su ma sun sha baƙi. Aka kawo lemon tsami, aka kawo man zaitun, har da man goge baki, aka yi ta dirza. Lallen 'yar Sudan ko gezau. Tun matan na dariya har suka fara ɓata rai, wata ta ce ita fa ba wanda ya ce mata kada ta yi ƙunshi, kuma gaskiyarta ce.

Ana cikin haka mahaifiyarta, Hajiya Ramlatu, ta hawo bene tana haki, ta dafe bango ta daɗe kafin ta iya sallama. Kwana biyun nan haka take, tana cewa gajiyar biki ce, Ikram kuwa ba ta da lokacin tsayawa ta tambaya. Ta kalli hannun uwarta, ta ga nata ma ya fi na kowa baƙi, sai baƙin ciki ya rufe mata ido.

"Umma, har da ke? Ke da kika san a kan abin nan na ƙarar da ƙuruciyata?"

Ba a taɓa jin Ikram ta ɗaga wa uwarta murya ba, ita kanta ta ji kunya, amma tsoro ya hana ta ba da haƙuri. Hajiya ta dubi hannunta. Ta yafito Muhsin, ta aike shi kantin ƙasa ya sayo mata dutsen goge kaushi da reza, ta shige banɗaki ta ja ƙofa.

Lajna ta iso, Dakta Manar ce a gaba, mace mai tsare gida. Ta bi hannuwan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Larabci babu gwajin da za a yi yau. Ikram ta ajiye duk wani ji da kai ta shiga roƙo, tana haɗa Larabci da Hausa ba ta ma sani ba, hawaye na zuba. Da ƙyar Dakta Manar ta ce mutum ɗaya ba gwaji ba ne, amma in aka samu ko da yatsa ɗaya mai tsabta, kuma abin da na'urar ta faɗa ya yi daidai da na jinin da za su ɗiba, za ta nemo musu wata ranar. In ba haka ba, a yi haƙuri.

Sai ga Hajiya ta fito, ta miƙa manuniyar hannun damanta. Ta kankare farcen da reza, ta dirje fatar da dutse har ta saɓule, ta yi jajur tana tsattsafo da jini. Matan suka ɗauki salati.

"Ga shi, 'yar nan. Saka."

Ikram ta maƙala na'urar. Mai lafiya yakan nuna casa'in da wani abu. Nan sai ga tamanin da biyu. Ikram ta ɗauka na'urar ce ta yi kuskure. Ta cire, ta goge, ta mayar, lambar na nan daram. Ta hau kame-kame, wai ko sauran lalle ne, ko ciwon ne ya rikita hasken. Dakta Manar ta ɗebi jini a wuyan hannun Hajiya ta sa a injin da suka zo da shi.

Ikram ta runtse ido. Ya Allah, ka sa na'urar nan ta faɗi gaskiya, ya Allah kada ka kunyata ni. Haka ta yi ta nanatawa a zuci da iyakar ƙarfinta, ko kusa ba ta tsaya ta yi tunanin abin da take roƙo ba.

Injin ya fitar da sakamako. Daidai da na na'urar, ba ragi ba ƙari. Muhsin ya buɗe baki zai yi kabbara, sai ya ga fuskar Dakta Manar ya haɗiye. Likitar ta riga ta tsuguna gaban Hajiya tana duba leɓɓanta, tana tambayar tun yaushe take numfashi haka, kuma wa ke kula da ita a gida. Ta juya ta ce a kira motar asibiti yanzu yanzu.

A nan ne Ikram ta gane. Ta tuna hakin benen, ta tuna yadda Umma ta koma yin salla a zaune tun kafin biki, ita kuma tana wucewa da kwamfuta a hannu. Shekaru tana ƙera abin da zai gano mai shaƙewa a cikin dubban alhazai, ga tata uwar a gida ɗaya da ita. Ta zube a gabanta, ta cire na'urar a hankali don kada ta fama ciwon, ta riƙe yatsan da hannu biyu.

Hajiya ba ta bi Larabcin likitar ba, ya yi mata sauri. Ta dai ga 'yarta na kuka, sai ta ja numfashi da ƙyar ta sunkuyo.

"Ba ta ci ba ne? In kankare wani?"

"Ta ci, Umma," in ji Ikram. "Ta ci."

Hajiya ta ce alhamdulillahi, ta jingina kai da bango tana murmushi. Ikram na riƙe da yatsan har masu motar asibiti suka hawo da gadon ɗaukar mara lafiya.