Risha Tara a Ɗakin Dutse

Ɗantsoho ne ya riga kowa gani. Kafin likita, kafin mai shago, kafin Harun mai tarin littattafai, shi ya san ɗakin nan ba zai taɓa yin ɗumi ba. Bai zauna a aji ko na yini guda ba, amma ya ɗauki dutse a Omdurman, ya yi kwaɓa a Sabha, ya binne abokan tafiya uku a hamada ya fito da ƙafarsa. Shekara goma sha tara ke nan yana gadin wani tsohon bene a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, kuma babu bangon gidan da bai san halinsa ba.

A farkon Disambar 2013 Harun, ɗalibi ɗan Kano, ya kama ɗaki a hawa na farko saboda mahaifinsa, Malam Ya'ƙub, da aka kawo neman maganin huhu. Likita ya sallami tsohon da sharaɗi guda: kada sanyi ya taɓa ƙirjin nan. In ya taɓa, to, sai abin da Allah ya yi.

Sai ga Harun da daffaya a kafaɗa, abin ɗumama ɗakin nan da ake jona wa lantarki, mai haƙarƙarin ƙarfe da Misrawa ke kira risha.

"Risha nawa, Ustazu?" in ji Ɗantsoho.

"Tara, Baba. Mai shagon ya lissafa, mita huɗu sau huɗu. Ya ce tamam, ta isa, har ta yi yawa."

"Ya tambaye ka da me aka yi bangon?"

"Baba, dubi kaurinsa, ya fi kamu biyu! Soron kakana haka yake, da sanyi ko bargo ba ma nema."

"Soron kakanka ƙasa ce da ciyawa. Wannan dutse ne. Ƙasa tana riƙe zafi ta maido maka. Dutse shanyewa yake yi ya miƙa wa titi."

Ya shiga ɗakin ya bi bangon da bayan hannu. Bango biyu suna kallon waje, ɗaya ma arewa sak, irin wanda masu haya ke taƙama da iskarsa lokacin zafi. Danshi ya hau har gwiwa. Taga ta fi ƙofa tsawo. Ya ƙirga a yatsu: a kan taran nan, kowane bangon waje risha huɗu, na arewa ƙarin biyu, taga uku.

"Ashirin da biyu. Kuma wayar gidan nan ta girme ka sau uku, ba za ta ɗauki daffaya biyu ba."

Malam Ya'ƙub ya ɗago daga gado. "Bazazzagi da lissafi? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Adana numfashinka, Bakano. Shi kaɗai ne ba ka iya sarowa a Kwari ba."

Malam ya yi dariya har tari ya tuƙe shi. Rabon da wani sa'ansa ya tsokani Ɗantsoho da Hausa, shi kansa ya manta.

A bakin ƙofa Ɗantsoho ya ja Harun gefe. Ya ce ɗakinsa na ƙarƙashin matakala ƙarami ne, babu bango ko ɗaya da ke kallon waje, bayansa kuma jingine yake da tanderun mai burodi. A kai Malam can, shi ya kwana a benci.

Harun ya sunkuyar da kai. "Allah ya saka da alheri, Baba. Amma mahaifina a ƙarƙashin matakala, mutane na bi ta kansa da takalmi? Mutumin da ake durƙusa wa a unguwa? Ɗalibai su zo gaisuwa su same shi a ɗakin gadi, me zan faɗa a gida? Ma'alish, yi haƙuri."

"Gida ba su ne ke numfashi da huhun ba."

"Khalas, Baba, a bar maganar."

Sai sanyin ya sauko, irin wanda tsofaffin Misrawa suka ce ba su taɓa gani ba. Ruwa kwana uku. Daffaya ta yi zafin da ba a iya taɓa ta, amma ka yi taku uku sai ka ga hucin bakinka. Mahasin, 'yar Sudan da ke hawa na uku, ta ara musu tata. Ana jonawa wuta ta ɗauke, ƙaurin roba ya cika gidan. Aka rataya darduma a bango. Kafin azahar ta jiƙe.

Kullum da safe Ɗantsoho na hawa da shayi. Kullum tsokanar Malam na raguwa, har ranar da Ɗantsoho ya ce "Bakano" ba a amsa masa ba.

Safiyar kwana na shida Harun ya sauko, idanunsa jawur. "Baba, ɗakin nan naka..."

"A share yake tun ran da na faɗa. Yalla, kama ƙafafu."

Ɗantsoho ya ɗauki kafaɗu. Mutumin bai kai nauyin buhun siminti ba. Suka kwantar da shi jikin bangon tanderu, Malam ya ɗora tafinsa a kai ya lumshe ido.

"Ashe Bazazzagi... yana da gaskiya... sau ɗaya."

Ɗumin ya shige shi, amma ƙirjin ya riga ya cika. Da la'asar tasi ta kai shi asibiti. Ranar Juma'a aka yi masa salla a Alƙahira, nesa da unguwar da ake durƙusa masa.

Har yau Ɗantsoho na ba da labarin, yana bugun ƙirji, yana cewa shi ya fara gani. Sai dai in ya zo kan shayin safe yakan tsaya ya daɗe yana gyaran hula.

Wanda ke ganin tsoho cika baki yake yi, bismilla. Ɗakin dutsen yana nan babu kowa, makullin na aljihun Ɗantsoho. Ya zo cikin Janairu ya yi mako guda. In ya fito ba tari, Ɗantsoho ya yarda a aske masa gemu a tsakiyar titi, da rana, kowa na kallo.