Fukafukan Zuman Baba Gali

"Ajiye kwalbar nan, Shifa'u. Ba a kashe ƙudan zuma a gidana."

Baba Gali ne daga kan tabarmarsa. Ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi, amma muryar tana nan daram. Shifa'u, 'yar maƙwabcinsa mai karatun ƙwari a jami'a, ta janye hannu daga bakin amya, kunya ta rufe ta.

Shi fa ya jawo maganar. Tun yana dafa sukari a wani kamfanin alewa a Sharaɗa ya rataya amya a darbejiyar gidansa, kuma ba wanda bai sha labarin ba: wai ƙudan zumansa 'yan Tanut ne, garinsu can Nijar, biyo shi suka yi. Unguwa ta yi dariya har ta gaji. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika aka kira ta.

"An ce kuna gane asalinsu ta fiffike?"

"Jijiyoyin fiffiken muke aunawa, Baba. Na arewa ƙanana ne, zanensu daban da na kudu. Sai dai ina buƙatarsu da yawa."

"To, ki auna mini kafin in tafi. Amma waɗanda suka mutu da kansu."

Ga rigimar tsoho: yana sauri, ya kuma hana a yi sauri. Kullum da safe tana durƙushe gindin darbejiya tana tsintar matattu, wasu tururuwa sun riga ta, wasu fiffiken ya yage. Yau da ta ga numfashinsa ya canza, tsoro ya kama ta, shi ne ta ɗauko kwalba.

"Baba, lokaci fa..."

"Na sani. Ki jira su, kamar yadda ake jirana."

Ya rasu ranar Laraba da hantsi. Sai bayan sadakar uku fukafukan suka isa. Ta jera su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta auna, ta sake aunawa, sannan ta shiga wurin matarsa Hajjo da ke takaba.

"Inna, na arewa ne. Ba zan iya cewa Tanut ba, amma irin na can ne."

"Ai da ya ji wannan, da mun shiga uku da labari," in ji Hajjo, tana share ido da bakin mayafi.

Ta miƙe ta ɗauki buta, ta cika kaskon da marigayin yake ajiye wa ƙudan zuman ruwa, mai tsakuwoyi a ciki don kada su nutse. Ɗaya ya sauko kan tsakuwa, ya fara sha.