Hannun Goggo da Ƙwayoyin Ɗakin Jarirai

A ɗakin jariran asibitin, kowa Sista Babba yake ce mata. Mutum ɗaya ce ke kiranta Goggo, wato Auta, 'yar ƙaninta da ta goya tun tana tsumma, wadda yanzu take aiki a ɗakin gwaje-gwaje na ƙasan bene.

Da zazzaɓi ya shiga kama jarirai ɗaya bayan ɗaya, gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta iri ɗaya ce, kuma a cikin asibitin suka ɗauke ta. Likita ya ce a shafi hannun kowa da auduga, a shafi gadaje da famfo da na'urori, a gwada a gano inda ƙwayar take. Auta ce ta hau da kwandon kwalabe.

"Goggo, miƙo hannu."

"Ke! Ni da na koya miki wanke hannu?"

"Shi ya sa na fara da ke, in gani ko malamar na bin karatunta."

Aka yi dariya. Amma da sakamako ya fito, sai ga irin ƙwayar a hannun Goggo. Ta daina ɗaukar jarirai, sai dai ta tsaya bayan gilashi tana kallon wani ɗan bakwaini da ya saba barci a ƙirjinta. A gida ma abinci ya ƙi shiga.

Da ta kasa haƙuri ta sauka wajen Auta, ta zauna a kujerar bakin ƙofa, hannayenta a cinya.

"Faɗa mini gaskiya, ni ce na sa musu?"

"Ban sani ba tukuna, Goggo. Ta hannunki sunanta ɗaya da ta jariran, amma suna ɗaya ba shi ne uwa ɗaya uba ɗaya ba. Sai na binciki danginsu."

Ta nuna mata yadda ake yi. A ciro zaren halittar kowace ƙwaya a yanyanka, a zuba cikin wani daskararren abu mai santsi, a kunna lantarki ya ja gutsattsarin. Ƙanana su yi gaba, manya su tsaya baya, su bar zane layi-layi. Waɗanda zanensu ya zo ɗaya 'yan gida ɗaya ne.

"Har ƙwayar cuta tana da asali?" in ji Goggo.

"Har da 'yan uba."

Ranar da hoton zanen ya fito, Auta ta hau bene da gudu, ta ɗaga shi saitin taga. Zanen jariran duk iri ɗaya. Na Goggo ya sha bamban, bare ne. Wanda ya yi daidai da na jariran kuwa daga bututun na'urar zuƙe majina aka samo shi.

Goggo ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Ba kuskure, Auta?"

"Sai da na maimaita, saboda na san halinki."

Ranar aka cire bututun, aka sauya yadda ake wanke na'urar. Jariran da suka kamu suka murmure da magani, ba a ƙara samun sabon kamu ba. Goggo ta sa aka kawo wa Auta kujera ɗakin hutun nas-nas, ta riƙa nuna ta ga duk wanda ya shigo tana cewa, "'Yata ce, a ƙasan bene take aiki," har Auta ta rufe fuska don kunya.